Sake fentin 'yan tsanan katako masu shiga cikin juna: wace hanya ce ta dace da kai?

Saitin farko da na sake wa fenti ya yi kyau har na riƙa komawa ina leƙa shi. Guda biyar ne. Na jera su a kan tebur daga babba zuwa auta, suka kwana a nan, da safe na taɓa na ji sun bushe, na mayar da kowace cikin 'yar'uwarta na rufe. Bayan kwana uku 'yar yayana ta ɗauko babbar ta ja, ta murɗa, ta sake ja, sannan ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, ta ƙi buɗuwa." Na karɓa na gwada, ko gezau. Ƙarshenta sai da na sa tsinin wuƙa a tsagar cikinta, wuƙar kuma ta ɓantare fenti kamar faɗin farce, daidai kan furen da ya ci mini yini guda. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Da na zauna na duba, sai na ga tun wajen sayen kaya na kuskure. Na zaɓi fenti kamar wadda za ta yi zane a jikin allo ta rataye a bango, alhali abin da ke hannuna buɗe shi ake yi a rufe, a cusa wani cikin wani, a riƙe shi da hannu mai gumi.

In kana da saiti mai arha a gabanka, kana wasi-wasi tsakanin fentin akirilik da na guwash, ko alƙalamin fenti, ko manna takarda, ko ƙuna, ga abin da na gani bayan na gwada su duka.

## Abin da ya sa ba kamar sauran katako ba ne

Rashawa na kiran wannan 'yar tsana matiriyoshka. A shekarun 1890 aka yi ta farko a Rasha. Vasily Zvyozdochkin ne ya sassaƙa, Sergey Malyutin ya yi zanen. Guda takwas ne, babbar yarinya ce mai ɗankwali riƙe da baƙin zakara, autar kuma jaririya. A 1900 aka kai su babban baje kolin duniya na birnin Faris, suka samo lambar tagulla, daga nan garuruwa irin su Sergiev Posad da Semyonov suka shahara da sana'ar.

Abin da ya fi shafar mai fenti shi ne yadda ake sassaƙa su. A kan injin da ke juya itace ake yi, ana farawa da autar, wadda ita dunƙulalliya ce ba ta buɗuwa, sannan a auna kowace mai zuwa da wadda ta gabace ta. Rabi na ƙasa yana da leɓe, rabi na sama ya hau kansa ya zauna. Ba zare, ba ƙugiya, matsi ne kawai ke riƙe su. Itacen da aka fi amfani da shi, wanda ake kira lindin, fari ne, mai taushi, mara nauyi, yana shan laima kamar soso. Jikin 'yar tsanar kuma siriri ne. Ruwa kaɗan ya shiga, sai ta kumbura. Ta bushe da gaggawa, sai ta tsage. Ratar da ke tsakanin wata da mai bi mata, musamman a saiti mai guda bakwai ko goma, ba ta da yawa, shafin fenti uku masu kauri sun isa su cinye ta.

## Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuɗi. Ba kuɗin fenti kaɗai nake nufi ba, har da buroshi, samfefa, farin shafin ƙasa da ake kira jeso, da man kariya da ake rufe aikin da shi. Sau da yawa waɗannan 'yan rakiya sun fi 'yar tsanar kanta tsada.

Na biyu ƙarko: shin aikin zai jure hannu, buɗewa da rufewa, faɗuwa daga tebur, da hasken rana? Na uku sauƙi, kuma a nan ina duba abu biyu, wato iya sarrafa kayan a kan jiki mai lanƙwasa da bai fi ɗan yatsa ba, da iya gyara kuskure in an yi shi. Na huɗu haɗari, ga 'yar tsanar da kuma ga mutum: ƙura, hayaƙi, wari, da yaron da zai kai abu baki.

Na biyar ba kasafai ake ambatarsa ba, amma shi na fi ba muhimmanci yanzu: kauri. Nawa hanyar za ta ƙara wa jikin 'yar tsanar, kuma in ta bushe, tana ɗanƙo ko ba ta yi?

## Kafin fenti: farar 'yar tsana ko mai tsohon fenti?

Ana sayar da su iri biyu. Akwai farare waɗanda ba a taɓa shafa musu komai ba, akwai kuma masu arha da aka riga aka fente aka lulluɓe da man sheƙi mai kauri.

Fara ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka goge ta sama-sama da samfefa mai laushi, mai lamba 220, ka share ƙurar da busasshen tsumma, ka shirya. Duk hanyoyi biyar ɗin nan suna aiki a kanta. Abin lura kawai, ka buɗe kowace tun ranar da ta zo hannunka, ka duba tsaga a leɓe da ƙasa, domin masu arha wani lokaci ba a busar da itacensu sosai ba.

Mai tsohon fenti tana iya zama ita ce ta fi arha, ko ma tana gidanka an daɗe da mantawa da ita. Amma abin da ka rage a kuɗi za ka biya da gumi. Sabon fenti ba ya kama jiki mai santsi, ko ya kama, farce zai kankare shi. Hanya biyu ce. Ko dai ka dusashe sheƙin da 220 ka shafa jeso a kai, wanda ya fi sauri amma ya ƙara kauri a kan kaurin da ke akwai, ko kuma ka kankare har katako da mai kaushi, lamba 120, sannan ka gyara da 220, wanda kan cinye yamma guda a saiti mai biyar. Ni na fi son ta biyu ga na ciki, domin su ne ke buƙatar sarari. Babbar, da yake ba ta shiga cikin kowa, ta farko ta wadatar mata. Ruwan cire fenti na kanti ban ba da shawararsa ba: warinsa na da ƙarfi, kuma wanke shi da ruwa na kumbura siririn katako.

Abu biyu za su sa in ce ka ajiye samfefa. Juya babbar ka dubi ƙasanta. In da sa hannun mai zane, ko tambarin zamanin Tarayyar Sobiyet, to aikin hannun wani ne, masu tara irin waɗannan na nemansu, ka bar ta yadda take. Sannan tsohon fentin da ba ka san asalinsa ba yana iya ƙunsar dalma. Amurka, alal misali, sai a 1978 ta hana fentin dalma a gidaje da kayan wasan yara. Ƙurar irin wannan guba ce, musamman ga yara da mai juna biyu. Ko da sabuwa ce, ka sa takunkumi, ka yi gugar a waje ko kusa da taga.

Wata 'yar dabara kafin ka ci gaba. Rufe kowace, ka juya rabin sama har ka ji inda ya fi zama daram, sai ka buɗe ka ɗiga alamar fensir a ciki, sama da ƙasa. Ka zagaye leɓen da salatef na takarda. Za ka yi zanen a rufe domin layuka su haɗu, amma bayan kowane shafi ka buɗe su bushe a rabe. Duk hanyar da ka zaɓa, fenti ko man kariya kada su taɓa leɓen nan yayin aikin.

## Akirilik

Shi ne abin da yawancin mutane ke farawa da shi, kuma da dalili. Launi ne cikin wani sinadarin roba da aka narkar a ruwa. In ruwan ya tashi, robar ta daskare, ruwa ba ya ƙara narkar da ita. Siririn shafi kan bushe cikin minti 15 zuwa 30.

Ta fuskar kuɗi, iri biyu ne. Akwai na ƙananan kwalabe mai arha, akwai na masu zane a cikin tub mai tsada. A nan ne arha ke zama ba ta ado. Mai arhar launinsa ƙalilan ne, ja da rawaya musamman sai an shafa sau uku ko huɗu kafin su rufe, kowane shafi kuma kauri ne. Gara ka sayi launi biyar masu kyau, ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi, ka riƙa haɗawa, da ka sayi kwali mai launi ashirin da huɗu da duk ruwa ne. Siririn jeso a ƙasa yana rage yawan shafi, yana kuma hana katako shanye fentin.

Ƙarkonsa babu kamarsa a cikin masu ruwa. Yana kama tsohon fenti da aka dusashe, yana karɓar man kariya da buroshi ba tare da ya dagule ba. Kuskure kuma ba ya tayar da hankali: jira ya bushe ka rufe shi da wani. Wahalarsa ita ce saurin bushewa. Kumatu masu ɗan ja da ke narkewa cikin launin fuska suna son hannu mai sauri, in ba haka ba sai ka ga da'ira mai kaifin baki. Nakan tsoma busasshen buroshi a fenti kaɗan, in goge kusan duka a takarda, in daddana a hankali. Ka wanke buroshi tun da ɗanye, in ya bushe a kai ya tashi aiki.

Haɗarinsa shi ne wanda ya same ni. Bushewar taɓawa daban, bushewar ciki daban. Akirilik kan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri sosai, kuma in jiki biyu masu shi suka matsu, musamman da zafi, sai su manne. Yanzu mako guda cur nake barinsu a jere kafin in mayar da su cikin juna. Wasu launukan masu zane na ƙunshe da kadmiyam ko kobal, ƙarafa masu guba. In yaro zai taɓa, ka nemi mai tambarin AP a jiki, alamar cewa ba shi da guba, ko wanda aka rubuta ya cika ƙa'idar EN 71-3 ta kayan wasan yara a Turai.

## Guwash

Wannan shi na fi ƙauna, shi ne kuma ya fi ba ni wahala. Launi ne da aka haɗa da ƙaro, wani lokaci da ɗan alli, kuma da shi masu zanen Sergiev Posad suka saba aiki. In ya bushe ba ya sheƙi, yana kwanciya lumui kamar karammiski, launinsa cike. Shafi ɗaya ko biyu sun rufe, don haka kusan ba ya ƙara kauri. A ƙarƙashin siririn buroshi yana gudana fiye da akirilik. Gashin ido, jijiyar ganye, ɗigon da ke bakin ɗankwali, duk sun fi fita da shi.

Tub ɗinsa ƙarami ne kuma mai kyau yana da ɗan tsada, amma yana daɗewa, domin ko ya bushe a faranti, ɗigon ruwa zai tashe shi. Wannan hali shi ne alherinsa, shi ne kuma matsalarsa. Ka yi kuskure a ido, jiƙaƙƙen buroshi zai ɗauke shi tsaf. Amma ɗan yatsa mai laima ma zai ɗauke idon da ka yi daidai. Na taɓa gama fuska, na juya 'yar tsanar don in yi bayan ɗankwali, da na dawo sai ga sawun babban yatsana a kumatu. Tun daga ranar nake kifa kowane rabi a kan bakin kwalba ko sanda mai salatef, in riƙe sandar.

Shi kaɗai ba shi da ƙarko ko kaɗan, dogaronsa duka a kan man kariya yake. A nan ne kuma ake asarar aiki: in ka ja buroshi mai man kariya na ruwa a kan guwash, baƙin gira zai bi buroshin ya ratsa fuska. Dole a fara da na feshi, shafi biyu ko uku marasa nauyi daga nesa, sannan a bi da buroshi in ana so. Ka kuma sani launin zai yi duhu kaɗan a ƙarƙashin man, wannan lumui ɗin da ka so zai ragu. In an shafa shi da kauri yana tsattsagewa. A kan tsohon man sheƙi kuwa ba ya zama, dunƙulewa yake yi ɗigo-ɗigo, sai an kankare ko an sa jeso.

Akwai wani da ake kira akirilik-guwash, wanda ke bushewa ba sheƙi kamar guwash amma ruwa ba ya tashinsa. Ya fi su biyun tsada. Ga wanda ke son kamannin guwash ba tare da fargabar man kariya ba, kuɗin bai tafi a banza ba.

## Alƙalamin fenti

Kamar makar rubutu yake, amma fenti mai ruwa ne a ciki. Posca shi ne sunan da aka fi sani, akwai wasu da yawa masu arha. Ana girgiza shi, a danna bakin a kan takarda har fentin ya sauko. Mafi siririn baki ya kai kamar milimita 0.7, kuma a nan amfaninsa yake. Autar saiti wani lokaci ba ta fi ƙwayar wake girma ba, buroshi a hannun sabon shiga ba zai iya yi mata ido ba, alƙalami zai yi.

Duk wanda ya iya riƙe biro ya iya wannan. Ba faranti, ba kofin ruwa, ba wanke-wanke. Kaurinsa kaɗan ne. Sai dai kowane launi sayensa ake yi daban, ba a haɗa su, don haka kuɗin na hawa da sauri. Wuri mai faɗi kamar rigar babbar yana fitowa da zane-zanen layi. A kan ɗanyen katako fentin na bin jijiyar itace ya bazu, layin da ka ja siriri ya yi gashi, dole sai da jeso ko akirilik a ƙasa. Shi ma yana iya dagulewa a ƙarƙashin buroshin man kariya, feshi ya fi aminci.

Kada a rikita shi da makar rubutu da ba ta gogewa. Ita tawadarta sifirit ce, tana bazuwa a katako, man kariya na feshi na iya narkar da ita, baƙinta kuma kan koɗe.

A ganina alƙalami mataimaki ne. Akirilik ya yi shimfiɗa, shi ya yi ado.

## Manna takarda

Ga wanda ya ce shi bai iya zane ba ko kaɗan. A yanko hoto ko ado daga siririyar takarda, a manna da gam mai bushewa garau, irin Mod Podge ko farin gam da aka sirka da ruwa kaɗan. Takardar goge baki mai ado ita ta fi dacewa. Yawanci hawa uku ce, sai ka ɓare biyun ƙasa ka yi aiki da na saman kaɗai.

Kuɗinsa ƙalilan ne, kuma yana ba da abin da buroshi ba zai bayar da sauƙi ba: taswira, rubutu, hotunan iyali daga kaka zuwa jika. Amma takarda shimfiɗaɗɗiya ce, 'yar tsana kuwa tana da kafaɗa da wuya. Babban yanki zai yamutse. Sai dai ƙananan yankuna, ko a tsattsaga gefen takardar kamar haƙoran matsefi domin ta kwanta. Inda ado ya ratsa mahaɗa, ka bari ya bushe sarai sannan ka bi tsagar da reza. Hoton da aka buga da firinta mai ruwan tawada yana zuba da zarar gam ya taɓa shi, na firinta mai garin tawada ba ya yi.

A ma'aunin kauri wannan hanya ce ta ƙarshe. Takarda, gam a ƙasa, gam a sama sau biyu ko uku, ga kuma ɗanƙon da irin wannan gam kan yi na makonni, musamman a lokacin laima. Gefen takarda a bakin mahaɗa shi ke fara ɗagowa bayan an yi ta buɗewa. In zan yi ta, babbar da mai bi mata kawai nake manna wa, ƙananan in fente su da launin da ya dace, in kuma rufe duka da man kariya mai tauri.

## Ƙuna

Ana zana layi a jikin katako da alƙalamin lantarki mai zafin baki. Lindin na karɓar ƙuna da kyau saboda fari ne kuma jijiyarsa ba ta da tsauri. Layin ba ya gogewa har abada, ba ya ƙara kauri ko na gashi, kuma yana aiki kamar kunya a gona: in ka zuba launin ruwa a tsakani, ba ya tsallakewa. Katakon na fitowa ta cikin launin, abin da babu wata hanya da ke bayarwa.

Kuɗin a sayen na'urar yake, sau ɗaya. Mai arhar zafinta ɗaya ne, tana da kauri a hannu. Mai maɓallin rage zafi ta fi tsada, ta kuma fi biyayya. Kuskure ba ya gyaruwa sai ƙarami, wanda samfefa za ta iya ci. Hannu ya tsaya daƙiƙa guda a wuri ɗaya, sai baƙin tabo, a ƙananan kuwa har huda yana yi. Ka gwada a guntun katako tukuna. Sharaɗi mafi girma: ɗanyen katako kawai. Ƙona fenti ko man sheƙi na fitar da hayaƙi mai guba, don haka mai tsohon fenti ba ta wannan hanya ba ce, ko an kankare ta, saura na maƙalewa a jijiya. Ba kuma aikin yara ba ne.

Fentin mai na masu zane na bar shi a gefe da gangan: kwanaki ko makonni yake ɗauka kafin ya bushe, watanni kafin a rufe shi. Janfarce na da kauri kuma yana ɓantarewa. Fentin gwangwani na feshi ya isa shimfiɗar launi ɗaya, in ka toshe leɓe da ciki sosai.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Kauri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Akirilik | Ƙasa zuwa matsakaici | Sosai | Mai sauƙi | Matsakaici | Mannewa in bai yi tauri ba |
| Guwash | Matsakaici | Sai da man kariya | Yana son haƙuri | Kaɗan | Dagulewa wajen rufewa |
| Alƙalamin fenti | Yana hawa da yawan launi | Matsakaici | Mafi sauƙi | Kaɗan | Bazuwa a ɗanyen katako |
| Manna takarda | Ƙasa | Matsakaici | Da wuya a lanƙwasa | Mai yawa | Ɗanƙo da ɗagowar gefe |
| Ƙuna | Tsadar na'ura sau ɗaya | Mafi ƙarko | Sai an koya | Babu | Ƙonewa da hayaƙi |

## Man kariya

Rabin ƙarkon aikin a nan yake. Mai ruwa yana bushewa cikin 'yan sa'o'i, ba ya da wari sosai, yana barin fari a farinsa. Mai mai ya fi tauri da zurfin sheƙi, amma yana rina fari ya koma ruwan zuma, yana ƙara yi da shekaru. A kan ja da ruwan ƙasa hakan na ƙara kyau, a kan fari da shuɗi yana ɓata su. Na feshi shi ne shafin farko ga guwash da alƙalami, a yi shi a waje. Siriri sau biyu ko uku ya fi kauri sau ɗaya, da ɗan shafar samfefa mai lamba 400 a tsakani, bayan shafi na biyu, ba a kan zanen ba. Na ciki shafi biyu ya ishe su. Aikin ƙuna da ba a sa masa launi ba, kakin zuma kaɗai ya wadatar.

In an gama, cire salatef, ka goga ɗan kyandir a leɓen. Wadda ta matse, kada ka kai mata wuƙa kamar yadda na yi. Ajiye ta a busasshen wuri kwana biyu, sannan ka sa manyan yatsu biyu a kan tsagar ka danna kana lanƙwasa ta kaɗan, kana zagayawa. Wadda ta yi sako-sako kuwa, siririn man kariya a leɓen ƙasa, a bar shi ya bushe a buɗe, zai dawo mata da matsi.

## Wa ya dace da me

In wannan ne karonka na farko, ko kuma mai tsohon fenti ce a hannunka, ɗauki akirilik da siririn baƙin alƙalami guda ɗaya don fuska. Ba abin da ya kai wannan haɗin yafe kuskure.

In za a yi aikin tare da yara, alƙaluman fenti a kan 'yan tsanan da babba ya riga ya shafa wa jeso, shi kuma babban ya yi feshin daga baya. In kuma kyauta ce ga yaron da bai kai shekara 3 ba, akirilik mai tambarin aminci da man kariya mai ruwa, a bar shi makonni ya yi tauri, sannan a cire ƙananan a ajiye. Bututun da hukumomi ke gwada ƙananan kayan wasa da shi faɗinsa milimita 31.7 ne, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya yana iya shaƙe yaro, kuma autar kusan kowane saiti tana shigewa, wani lokaci har da rabin mai bi mata.

Mai son abin ado da zai zauna a kan kanta, wanda ya saba da buroshi kuma yana da haƙurin feshi, guwash zai ba shi fuskar da akirilik ba zai ba shi ba. Mai niyyar sayarwa, wanda ke buƙatar kyau da sauri da tabbacin cewa ba za a dawo masa da kaya ba, akirilik-guwash ko akirilik mai kyau. Saiti mai guda goma, inda rata ta yi ƙaranci, guwash ko ƙuna, kada a kusanci gam. Wanda hoto ko rubutu yake so a jiki, manna takarda a saiti mai uku ko biyar, bayan ya gwada ya ga akwai sarari tsakaninsu. Wanda kuma katakon kansa ne ke burge shi, ya sayi fara ya koyi ƙuna.

Saitin nan na farko yana nan. Na kankare leɓunansa da samfefa, na cike inda wuƙa ta ɓantare, na sake furen da akirilik, na bar su mako guda a jere. 'Yar yayana ce ke buɗe shi yanzu duk zuwan da ta yi, autar kuma tana cikin aljihun tebur saboda ƙaninta da ya fara rarrafe.